Inda Lambobin Baba Ilu Suke Tsayawa

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, wata Asabar cikin kaka, wayar kawunku Nafi'u ta nuna mun iso. Na riƙe lokacin ne don wayar a hannuna take, shi yana kafe babur. Muna wani ƙauye gaba da Sheme kaɗan. Kibiyar da muke bi tun daga Ƙanƙara ta tsaya cak, abin da ke gabanmu kuwa ƙofar wani gida ce, zaurensa ya zube ta gefe ɗaya, an tare wurin da kara. Babu kuka, babu dutse, babu kogon itace, babu inda mai hankali zai cusa gwangwani.

"Tsohon nan ya sake yi mana," in ji Yaya Nafi'u. "Ba ni wayar. Ki tsaya nan, kada ki motsa."

Ya zagaya bayan danga, waya a hannun hagu, ɗan kara a dama, yana tsokanar gindin rumbu. Ban ga ta inda samarin suka ɓullo ba. Ihu kawai na ji, wani yana cewa ga infoma, ga mai auna wa ɓarayin daji gidaje. Lokacin abin bai kai yadda kuka taso kuka iske shi ba, amma an riga an fara kwana da kunne ɗaya a buɗe. Kafin ya gama cewa shi ɗalibi ne ya sha mari biyu, wayar ta faɗi gilashinta ya tsage. Aka tasa shi gaba zuwa ƙofar mai unguwa, ina biye. Da kyar na iya karanto lambar wayar Baba Ilu, tsohon da ya ba mu lambobin wurin, aka kira. Mai unguwa ya san shi tun zamanin aikin daji, suka daɗe suna gaisawa a waya kamar ba mutum ake riƙe da shi ba, sannan aka sake mu gab da magariba. Mai unguwa ya so ya faɗa mana wani abu game da gidan, amma Yaya ya riga ya tayar da babur.

Kun sha jin wannan labari a bakin kawunku, kuma kullum a wuri ɗaya yake rufe shi: wai a shekarar ce uwarku ta zaɓi wani tsoho ta bar ɗan'uwanta. Ba ƙarya ya yi ba. Akwai dai abin da bai gani ba, shi nake so ku ji daga wurina.

Wasan yana da suna na Turanci, amma ya yi wa bakin kakarku Inna nauyi, sai ta raɗa masa neman gwangwani, sunan kuma ya bi shi. Mutum zai sami gwangwanin madara mai murfi, ya zuba 'yan tarkace a ciki, maɓalli ne, tsohuwar ƙwandala ce, ɗan madubi ne, ya kai shi wani wuri ya ɓoye. Sai ya ɗauki lambobin wurin da GPS ya tura wa sauran a guruf ɗinmu na waya. Wanda ya bi lambobin ya gano, ya ɗauki abu ɗaya ya ajiye wani a madadinsa, ya mayar da gwangwanin yadda ya same shi. Ba a cin komai, ba a ba kowa kyauta. Kakanku Malam ya saurari bayanin har ƙarshe, ya tambaya ko akwai caca a ciki, aka ce babu, ya ce to wahala ce kawai, kuma ba a hana yaro wahala. Ni ya yarda in bi ne bisa sharaɗi ɗaya: ƙafata ƙafar Yaya Nafi'u.

Baba Ilu ne ya kawo wasan garin. Tsohon malamin daji ne, ya yi rayuwarsa yana bin iyakar gandun daji tsakanin Faskari da Sabuwa, ya yi ritaya da ciwon gwiwa da wata na'urar GPS ruwan ɗorawa mai girman sabulun wanki, wadda sai an sa mata batir irin na rediyo. Ɗansa da ke karatu a waje ne ya ba shi labarin wasan, shi kuma ya koya wa 'yan makarantar da ke zuwa shan inuwa ƙofar gidansa. Kafin a jima mun yi yawa, kusan duka 'yan kwaleji, sai shi da wasu dattawa biyu abokansa da ba su cika fita ba.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda wasa ɗaya ya zama iri biyu. Samari gudu suke so. Lamba ta faɗo guruf da safe, kafin azahar wani ya turo hotonsa riƙe da gwangwani yana ɗaga yatsa, ya riga kowa. In su ne masu ɓoyewa, kan duwatsun Faskari suke hawa, inda hoto zai yi kyau, su haɗa da hoton wurin don kada a wahala. Baba Ilu kuwa bai taɓa tura hoto ba. Lambobi kawai, ko gaisuwa babu. In ya fita nema sai ya wuni a kan gwangwani ɗaya, ya dawo da labarin wanda ya rasu a ƙauyen da farashin dawa da sunan mai gonar, wani lokaci ma ya manta bai buɗe gwangwanin ba. Samari suna ce masa Baba Sannu-sannu a bayan ido. Shi kuma a gaban ido yake ce musu 'yan sama-jannati, wai tauraron ɗan Adam kawai suke gaisarwa.

Ni ba na cikin masu gudu, ba na kuma cikin masu hira. A kwaleji Malama Shiru ake ce mini. Wasan ya yi mini daɗi ne don ba ya bukatar in yi wa kowa magana: lamba ce da kibiya da ido. Da yake ba na barin kuskure ya wuce, sai aka ɗora mini duba kowace lamba kafin a fita, aka kuma ba ni ikon sawa da cirewa a guruf.

Gwangwanayen Baba Ilu na farko ba su da matsala. Inda lamba ta tsaya, nan za ka sa hannu ka taɓo ƙarfe. Daga damina ta wannan shekarar ne sababbin da yake turowa suka fara gagarar kowa. A je a yi ta zagaye, a dawo hannu biyu. Aka ce na'urarsa ta tsufa, wasu suka ce idonsa ne. Marin da Yaya ya sha shi ya ƙure haƙurin samari. Aka yanke cewa in bincika, in dai na'urar ce ta lalace, a share sababbin lambobinsa a wuce wurin, a ce masa ya huta da ɓoyewa.

Na kwana biyu a kan taswirar waya, irin wadda ke nuna rufin gidaje daga sama. Na sa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Da na'urar ce ta karkace, da wata lamba ta faɗa tsakiyar gona, wata cikin rafi, wata kan titi. Amma kowace ɗaya, daga ta gefen Sheme har ta can bayan Sabuwa, a bakin ƙofar gida take sauka. Kuma ba gidajen tsakiyar gari ba, na gefe, waɗanda rabin ɗakunansu ba rufi. Na rasa barci don son in san dalili.

Na iske shi gindin bedi a ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafa yana shafa man zafi a gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi, na roƙi aron na'urar. Na ajiye ta gefen wayata a kan tabarma, muka jira. Lambobin suka fito iri ɗaya.

"To, Malama, an kama ɓarawo?" ya ce.

"Lafiyarta lau, Baba."

"Yo ai na sani. Ta girme ki, kuma ba ta taɓa yi mani ƙarya ba."

"To Baba, mi ya sa…"

Ya dube ni yana jira, ni kuma na sunkuyar da kai ina jan zaren tabarma.

"Mai ɓoyo ba ya faɗi," ya ce. "Ku kuka karanta mani dokar a waya, ba ni na yi ta ba. Yaya kunnen Nafi'u? Na aika a gaishe shi, bai amsa ba. Wallahi abin ya tsaya mani a rai. A zamaninmu baƙo in ya tsaya ƙofar gida, ruwa ake kawo mashi."

Ban iya sake tambaya ba. Haka nake a lokacin, tambaya ɗaya nake da ƙarfinta a rana.

Ranar Juma'a da yamma aka taru a filin makarantar firamare. Baba Ilu bai zo ba, dattawan biyu ma haka. Yaya Nafi'u ya zauna kan babur, wayarsa mai tsagaggen gilashi a hannu yadda kowa zai gani. Tun a gida ya gaya mini abin da zan ce: na'ura ta lalace, shi ke nan, ba a ci mutuncin kowa ba. Yanzu na gane sauƙi yake nema wa tsohon, ta hanyarsa. Amma da aka ce in yi magana, abin da na auna shi ya fito daga bakina. Na ce na'urar ba ta da komai, lambobin daidai suke, kuma duk a ƙofar gidaje suke tsayawa.

Na ɗauka wanke shi nake yi. Sai wani da ake ce wa Ɗan Faskari ya tafa hannu.

"Ashe da gangan ne! Ya tura mu ƙofar mutane mu yi ta leƙe kamar ɓarayi, shi yana gindin bedi yana dariya."

"Ba haka na ce ba."

"To mi kika ce? Ina gwangwanin yake?"

"Ban sani ba."

"Ba ta sani ba," in ji Yaya, ba tare da ya dube ni ba. "Sa'adatu, cire shi. Yau mari ne, gobe gawar wani za a kawo."

Ba zan ɓoye muku ba, maganarsa tana da nauyi, kuma shekarun da suka biyo baya sun nuna bai yi ƙari ba. Amma na duba sunan tsohon a wayata, mutumin da ya koya mana wasan, na ga ba zan iya korarsa a kan abin da ban gane ba. Na ce sai na san dalili tukuna. Aka ce ba a jira. Na miƙa ikon ga Ɗan Faskari, ya cire Baba Ilu a gabana, ni kuma na fita daga guruf ɗin da kaina. A ƙasa na koma gida ran nan, babur ya wuce ni a hanya.

Abin da ya biyo baya ba hayaniya ba ce. Yaya ya daina ɗaukata, sharaɗin Malam kuma yana nan, don haka wasa ya ƙare mini. A gida ɗaya muke, kwano ɗaya Inna ke zuba mana ƙosai da safe, amma sai ya ɗebi nasa a takarda ya fita. Malam ya ce ba zai shiga shari'ar gwangwani ba. Inna ce kawai take taɓa maganar, ita ma ta gefe.

"Mutum biyu masu karatu," takan ce tana tankaɗe, "an rasa abin da zai raba su sai gwangwanin da na zubar."

Haka muka ci rani. Mun shirya da Yaya daga baya, a hankali, ba tare da wani ya ba wani haƙuri ba, amma ban sake hawa bayan babur ɗinsa zuwa neman komai ba. Baba Ilu bai koma guruf ba, bai kuma taɓa yi mini maganar ba har Allah ya karɓi abinsa. Guruf ɗin ma bai daɗe ba, don hanyoyin sun zama waɗanda ba a bi don wasa. Abin da ya rage mini a wannan rani shi ne tambayar, da tsoron kada a ce Ɗan Faskari ne ke da gaskiya, na rasa ɗan'uwa da wasa a kan tsohon da ke yi mana dariya.

Gab da faɗuwar ruwa aka yi rasuwa a dangin Inna a Sabuwa. Ta ce in raka ta. Muka bi ta Dandume a wata mota da ta fi tsayawa a kan tafiya. Kwana biyu muka yi a gidan makoki. A rana ta biyu da hantsi na buɗe waya, babu sabis, amma kibiya ba ruwanta da sabis. Ɗaya daga cikin lambobin Baba Ilu da na adana tana nan kusa, a wata 'yar unguwa bayan gari. Na daɗe ina juya maganar kafin na faɗa wa Inna.

"Ke dai ba ki da zuciya," ta ce. Ta jawo mayafi. "Tashi mu tahi. Na gaji da zaman nan, ƙafata ta yi tsami. In ga abin nan da idona."

Muka bi ta bayan kasuwa, muka ratsa gonakin da aka yi wa sharar fari, ina gaba da waya, Inna na baya tana gaida duk wanda muka gamu da shi. Unguwar gida bakwai ce ko takwas, yawancinsu an ja ƙaya a ƙofa. Kibiya ta tsaya a bakin wani gida mai dangar kara. Na fara abin da na saba, ina duban gindin danga, ina ɗaga wani fasasshen tulu da ƙafa.

"Mi kike yi haka?" in ji Inna.

"Nan ne wurin. Nema nake."

"Nan ina? Nan ai ƙofar mutane ce."

"Nan lambar ta tsaya, Inna."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Wato duk wahalar nan da kuke sha, in kun zo ƙofar gida ba ku yin sallama?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗaga murya ta rangaɗa sallama, ta kutsa kai. Na bi ta, kunya kamar ta kashe ni.

Tsakar gidan a share take tas, har ana ganin sawun tsintsiya. Ɗaki ɗaya ne mai labule, sauran a rufe da kwaɗo. Wata tsohuwa 'yar ƙarama ta fito tana dafa bango, tana amsa sallamar tun kafin ta gan mu. Sunanta Iya Tabawa. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta koma ta dama fura duk da Inna ta ce a ƙoshe muke. Daga nan suka shiga hira kamar sun shekara da sanin juna. Wa ya rasu a Sabuwa, ɗiyar wa ce, ashe kakar Inna ta taɓa aure a garin su Iya. 'Ya'yanta da jikoki sun kwashe sun koma Funtua tun da aka kore wa maƙwabta shanu, sun yi sun yi ta bi su ta ƙi, ta ce ba ta iya kwana a ɗakin haya. Ni ina zaune da ludayi a hannu, idona yana yawo a rataye da ƙarƙashin rumbu. Ban ga komai ba.

Sai da inuwa ta matsa muka gyara tabarma, sannan Inna ta nuna ni da haɓa.

"Wannan ɗiyar tawa ce ta jawo mu, Iya. Wai gwangwani take nema."

Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. Ta dube ni, ta dubi Inna, sai ta fashe da dariya har da tari. Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana jan kwalla daga ƙarƙashin gado. Ta fito da shi a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Gwangwanin madara ne, ko tsatsa bai yi ba. Na buɗe. Maɓalli biyu, ɗan makulli, da wata ƙwandala mai huji. Babu wanda ya taɓa su. Na ɗauki maɓalli ɗaya, na ciro allurar mayafina na saka.

Na san in na bari muka tashi, ba zan sake samun wanda zan tambaya ba.

"Iya, don Allah, mi ya sa Baba Ilu ya kawo shi nan?"

"Malamin daji? Ai a zauren nan yake sauka zamanin mai gidan nan na da rai, shi da kekenshi." Ta karɓi gwangwanin tana mayar da ɗankwalin a kansa. "Bara da damina ya zo, ya iske ni ina yi wa kaji magana. Ya tsaya ya gama saurare, ya ce, Tabawa, yaushe rabonki da baƙo? Na ce tun tahiyar su ɗana Sale. Sai ya ciro wannan ya ce in aje, zai turo mani yara 'yan makaranta, amma kada in ba kowa sai ya zauna ya sha hura. Na ce kai dai Ilu ba ka rabo da zolaya. To amma tun ran nan kullum sai na share gidan nan da sassahe, in jiƙa gero, ko za su zo. Ke ce ta fari."